Gishirin Shekara Uku

A tsibirin Jeungdo, can kudancin Koriya,
inda teku ke ja da baya sau biyu a yini
ya bar laka shimfiɗe kamar fatar da aka jeme,
nan nake noman gishiri, ni Bang Deok-su,
mai shekara hamsin da takwas da gwiwa ɗaya mai ciwo.

Noma na ce? Baki dai ba ya rasa son kansa.
Ban taɓa ƙera ƙwayar gishiri ko ɗaya ba.
Nawa in buɗe wa ruwa ƙofa, in daɓe fage,
in koma gindin rumfa in zuba ido.
Rana ke aikin, iska na taya ta.
Da la'asar sai fari ya fara tsatsafowa,
ni kuwa in ɗau majanyi ina taƙama kamar gwani.

Ranar da aka yi mini baftisma
na zaci an gama da ni, saura ɗaure bakin buhu.
Na bar giya, na haddace addu'o'i,
asubar fari ina bencin gaba
ina ƙirga waɗanda suka makara.
Kwana tara ke nan. A na goma
Ma Chun-bae ya karkata ruwan kwata zuwa fagensa,
na ɗaga shebur, na ambato masa uwa da kaka,
har tsuntsayen laka suka watse.

Tsohuwa Pyo Geum-rye, mai sharar majami'a,
ba ta yi mini wa'azi ba.
Hannun rigata ta ja zuwa rumbunta.
Buhu biyu. Ta ce, ɗanɗana.
Na farko na bana ne, ya manne mini a tafi,
ɗacinsa ya murɗe mini harshe.
Na biyu ya zube ta tsakanin yatsu, busasshe,
ƙarshensa ma har da ɗan zaƙi.
Na ce, me kika zuba masa?
Ta ce, ba komai.
Kan katako na ɗora shi, ƙasa ba ta taɓa shi,
shekara uku ɗacin na ɗiga cikin duhu.
Buhun bai san ranar da ya daina ɗaci ba.
Nasa kawai ya zauna inda aka ajiye shi.

Daren nan na ƙwanƙwasa ƙofar Ma Chun-bae,
magana ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Na ce, na yi laifi.
Ya dube ni, ya tura ƙofarsa.
Ba mala'ika, ba haske, sai karensa da ya raka ni da haushi.
Na ce, Yesu, ka aike ni, na je.
Sauran ba nawa ba ne.

Damina biyu bayan haka hadari ya taso tsakar dare.
Mai gishiri ya san ruwan sama ɓarawo ne.
Ma Chun-bae na kwance asibiti a Mokpo.
Kafin in yi shawara da kaina
ƙafafuna sun kai ni fagensa,
ina tura ruwan gishirinsa ƙarƙashin rufi,
nawa na can sama na wanke shi.
Wa ya koya wa ƙafafun nan hanya?
Ba ni ba. Ni da na dawo gida jiƙe sharkaf
ina ƙunƙuni, ina lissafin buhunan da na rasa.

Yau shekara bakwai.
Matata Yeon-sil ta ce muryata ta sauko,
ni ban ji saukarta ba.
Jiya ma na yi wa yaron aiki tsawa kan igiya.
In ka leƙa ƙarƙashin katakona
har yanzu za ka tarar da danshi.

Ubangiji, alherinka ne ranar, shi ne iskar,
shi ne katakon da ya raba ni da ƙasa.
Kada ka sauke ni don na ce na gaji.
Bar ni nan, ina ɗiga.